Ranar da Muka Zagaye Sabha ta Hannun Dama

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Sabha, a ƙasar Libiya, waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da na goyo kawuna a babur za mu je suna unguwar Sukra, wannan kam ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin za ta fita daga raina.

Lokacin ina aikin shimfiɗa tayil a unguwar Gurda, inda ake ta gine-gine. Na gaji da jiran motar da za ta kai ni wurin aiki, sai na sayi babur na hannu a wajen wani mutumin Agadas da zai koma gida. Babur lafiyarsa ƙalau, aibinsa ɗaya, kansa, wato ƙarfen da ake riƙewa, ya yi ƙasa da yawa. Ni kuwa Allah ya yi ni dogo, ga aikin tayil a durƙushe ake wuni. In na tashi bayana yana ciwo, sai kuma in hau babur in sake duƙawa kamar mai neman allura a ƙasa. Sai na ƙudurta zan sauya masa kai, in sa dogo wanda zan zauna a miƙe. Na je kasuwa na sayo wani mai ƙyalli, har da madubansa.

Abin da ya hana ni wucewa gareji shi ne na riga na sha a hannun wani makanike. Na taɓa kai masa babur ɗin ya sauya baƙin mai kawai, na dawo da yamma na tarar sabon batirina ya koma tsoho, shi kuma yana ta rantsuwa wai zafin Sabha ne yake tsofar da batir da wuri. In ka tambayi 'yan'uwa wa ke da amana, kowa ya nuna maka nasa makaniken, ya kuma ce na ɗan'uwansa ɓarawo ne. Ga shi baƙo in an cuce shi a ƙasar mutane, haƙuri ne kawai nasa.

Muna ɗaki ɗaya da wani Badamagare mai aikin fenti, mutumin da bai taɓa cewa bai iya abu ba. Da ya ji ina ƙorafi sai ya ce, "Ku mutanen Najeriya akwai son wahala. Kan moto ne fa, 'yan notuna ne kawai. Kawo kile mu yi abinmu." Kile shi ne sifana a bakinsu. Ya buɗe wayarsa ya nemo bidiyon wani mutum yana irin wannan aikin, da wani yaren da ba wanda ya ji ko kalma ɗaya a cikinmu. Muna tsakiyar kallo sabis ya ɗauke. Ya ajiye wayar ya ce, "Ai mun ga mai wuyar. Saura ɗaurewa."

Muka kwance, muka ɗora sabon kai, muka ɗaure. Na lura wayar totur da ta hon sun ɗame ƙwarai, don ba a yi su don dogon kai ba. Na nuna masa, ya ce sabon wuri suka samu, za su saba. Gwaji kuwa na yi, amma a miƙe na tafi har ƙarshen layinmu, na kashe babur na tsaya gaisawa da wani, sannan na turo shi muna hira muka dawo. Ban juya kan nan ba ko kaɗan injin yana kunne. Na kwana ina jin kaina gwani.

Washegari da sassafe Kawu ya aiko in zo in kai shi Sukra. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya kawo ni Libiya, yana sayar da turare da kayan yaji a kasuwa, kuma shi ne dattijon mutanenmu a garin. An haifa wa wani ɗan garinmu ɗa, Kawu ne zai yi addu'a ya faɗi suna. Mutum ne da ba ya son hayaniya, ban taɓa ganinsa yana sauri ba. Ya fito cikin farar babbar riga, riƙe da ƙaramin buhun dabinon garin Ghuddwa da za a raba wa jama'a. Ya dubi babur ɗin ya ce, "Masha Allahu, an yi masa ƙaho." Ya hau, ya ɗora buhun a cinya.

A kwanar farko ta hagu, ina karya kai sai babur ya yi wata irin kuwwa ya zabura, alhali ban murɗa totur ba. Kawu ya damƙi wuyan rigata, hularsa ta yi nata wuri. Ina daidaita kai sai injin ya lafa kamar ba shi ba. Na tsaya na ɗauko hular na kaɗe.

"Kai, wani ne ya biyo mu?" in ji Kawu.

"A'a, Kawu, hannuna ne ya zame."

A kwana ta gaba ya sake yi, har sai da ƙafar gaba ta ɗaga, dabino ya watse a titi. Nan na gane cewa in na juya hagu, wayar nan da ta ɗame ita take ja wa kanta totur. Na ce to bari in gwada dama. Ina karyawa dama sai hon ya kama ƙara, bai yi shiru ba sai da na miƙe. Wato hagu ajali, dama abin kunya.

Na tsaya a gefen hanya. Ba ni da sifana, ba motar haya a wajen, ga rana tana ɗagawa. Na ce, "Kawu, yau fa hagu ba za ta yiwu ba."

"Me ya sami hagun?"

Na yi masa bayani. Ya ce, "Mutane suna can suna jira. Bi daman."

Duk inda hanya ta ce mu yi hagu, sai in wuce, in yi dama, in ƙara dama, in sake dama, hon yana tsala ihu a kowace kwana. Akwai wani mai shayi da muka yi ta wucewa ta gabansa. Da farko hannu ya ɗaga mana, daga baya ya miƙe tsaye da buta a hannu yana bin mu da kallo. Wasu masu motoci suka ɗauka ɗaurin aure ne, suka riƙa amsa mana da nasu hon. Kawu ya ja hula ya rufe rabin fuska, don rabin masu shagunan nan sun san shi.

Wannan zagayen ne ya kai mu wata hanyar da ban saba bi ba, muka yi kiciɓis da bawaba, shingen masu bindiga. Duk baƙon da ya zauna a Sabha ya san yadda ake isa irin wannan wuri: a hankali, baki rufe, takardu a hannu. Wani matashi mai bindiga a kafaɗa ya yi mini alama in tsaya a gefe. Gefen kuwa na dama ne. Ina karyawa, hon ya fashe masa a fuska.

Na saki kan babur na ɗaga hannuwa sama don ya ga ba ni nake dannawa ba, hon kuwa bai fasa ba, tunda kan yana karye. Sauran masu bindigar suka miƙe daga inuwa. Mutumin yana yi mini tsawa da Larabci, ɗan Larabcin da na iya duk ya gudu. Ina jin Kawu a bayana yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Shi ne dai ya miƙo hannu ta ƙarƙashin hammatata ya daidaita kan, aka yi shiru. Ya sauko da buhunsa, ya yi musu bayani da Larabcinsa na kasuwa.

Matashin bai yarda ba. Ya ture ni ya hau, babur ba ya cikin giya. Ya juya dama, hon ya amsa. Ya miƙe, shiru. Ya juya hagu, injin ya yi rurin da ya sa shi dirowa da baya har takalminsa ɗaya ya cire. 'Yan'uwansa suka fashe da dariya, wani har da zama a ƙasa. Sai kowa ya ce shi ma sai ya gwada. Muna tsaye a rana, manyan mutane da bindigogi suna layi suna wasa da babur ɗina. Da suka gaji suka duba takardunmu, Kawu ya damƙa musu dabino, babbansu ya nuna wani lungu ya ce akwai wani tsohon makanike a can, kada in kuskura in kunna wannan abin sai ya gani.

Na tura babur har can. Wata 'yar rumfa ce, ba ko allo a kai. Tsohon ya yi shekaru yana tuƙin mota a sahara, ya iya Hausar kasuwa. Ya juya kan hagu da dama, ya taɓa wayoyin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni da abokina, Baba."

"Abokinka yana so kai mutu?"

Ya nuna mini wata tsohuwar taya ya ce, "Zauna nan. Babur naka, ido naka. Kalla." A gabana ya sa doguwar wayar totur, ya sauya wa wayar hon hanya inda ƙarfe ba zai matse ta ba. Sannan ya kama notunan da muka ɗaure, ya juya biyu da yatsunsa kawai. Da na taka birki da ƙarfi, da kan ya kife gaba da ni da Kawu. Tsoro ya sa na ce ya sauya wayar kuloci da ta birki duka. Ya ce a'a, lafiyarsu lau, don me za a jefar da abu mai kyau. Da ya gama ya ɗauki tsohuwar wayar totur ɗin ya sa mini a hannu.

Kawu dai ya rantse ba zai ƙara hawa ba. A bayan wata motar burodi ya ƙarasa Sukra, ni ina biye. Mun tarar an faɗi suna, an yanka rago, har an fara watsewa. Na zaci zai yi fushi, sai ga shi ya zauna a tsakiyar tabarma yana ba da labarin da kansa, har yana kwaikwayon hon da baki, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da na koma ɗaki na zazzage wa Badamagare abin da ya faru, sai ya ce, "To ka gode mini. Ba don ni ba, da yaushe za ka samu makanike na kirki?"

Har na bar Sabha ban ƙara kai babur ɗina wani wuri ba sai rumfar tsohon nan. Abin da ranar ta koya mini shi ne, don wani ya cuce ka a sana'arsa, wannan bai mayar da kai gwanin sana'ar ba. Masu amana suna nan, sai dai ba su cika rataya allo ba, neman su ake yi, kuma ana gane su ne da abin da suka ce maka kada ka saya. Ni dai yanzu duk abin da rai zai hau kansa, nawa ko na wani, ba na kusantarsa da sifana.