Kofunan Shayin Da Inna Ta Ƙi

Tun da na dawo unguwarmu Runjin Sambo na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa ƙofar gida kamar mai jiran baƙo. Aikin jinya na sa-kai ya kai ni wani sansanin Kurdawa 'yan gudun hijira a arewacin Iraƙi, kuma rabin hankalina yana can.

Wata tsohuwa da nake wanke wa ciwon ƙafa ce ta ba ni ƙananan kofunan gilashi. Su kaɗai ta iya ɗaukowa ranar da suka gudu daga gida. Ta ce in kai wa uwata, na yi mata alkawari.

Inna ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu.

"Mi na na? Ba ni shan komi cikin kayan masu bautar wuta."

Na ji zafi ƙwarai, amma na san inda ta samo. Ni na turo mata hoton bikin sabuwar shekararsu, ga wuta a kan duwatsu, samari na tsallake ta. Ni ma ranar sai da na yi wannan zato, har na ga waɗanda suka hura wutar sun yi sahun sallah da magariba.

Na yi ta bayani, Inna tana tsince shinkafarta. Kofunan suka koma bayan kwanuka. Duk na wuce sai na tuna na yi alkawari, ga shi jikar tsohuwar na ta tambaya a waya ko saƙo ya isa.

Ran nan da la'asar na gaji. Na dafa shayi baƙi ƙirin irin nasu, na zuba a kofunan, na zauna kusa da tabarmarta. Na ba ta labarin yadda na sha wuya farkon zuwana: ina shanyewa ana ƙarawa, ciki ya cika fal, ashe sai ka ɗora cokali a bakin kofi sannan a ƙyale ka.

"Wanda bai da gida shi ad da ƙarin shayi?" in ji Inna.

"Har da rantsuwa, Inna."

Ta dubi kofin da ke gabanta. Can ta miƙo hannu, ta yi bisimilla, ta shanye tana yatsina fuska don ɗaci. Cokalin na gefenta, tana ganinsa sarai. Ba ta ɗora ba, sai na ƙara mata.