Mailafiya Idi, Mai Gyaran Ƙofar Tirela, Ya Huta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Mailafiya Idi a gidansa da ke Matameye, bayan jinyar wata huɗu. Ina kan hanyar dawowa daga Kano labarin ya iske ni. Na gangara gefen titi na kashe mota, na daɗe ban iya sakin sitiyari ba. Ban samu jana'izarka ba, Mailafiya. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni Inusa, direban tirelar shanu, wanda ya shekara ashirin da biyu yana kawo maka wahala.

Wanda bai san aikinka ba zai ce ai ƙofa ce kawai. Ƙofar bayan tirelar dabbobi ƙarfe ce zalla, ita ake saukewa ƙasa shanu su taka su hau. Ƙarti huɗu ba su ɗaga ta. Abin da ke sa ta yi sauƙi shi ne sifirin, ko rasor yadda kake cewa, wanda ke naɗe a sandar ƙarfe yana jan wayoyi biyu. In ya saki, ƙofa ta faɗo da dukan nauyinta. In an ɗaure shi ya wuce kima, ta fizge hannun mutum. A wajen cin rani a Kano ka koyi wannan, can kuma ka baro yatsu biyu na hannun hagu, ranar da sandar murɗi ta kuɓuce maka.

Ba ka taɓa yarda da gwajin ƙato ba. In ka gama, sai ka ƙwala wa Najaha kira, tsohuwar da ke sayar da fura a bakin garejinka. Ta ajiye ludayi ta zo tana mita, ta sa hannu ɗaya ta ɗaga ƙofar. In ƙofar ta tashi ta tsaya a rabi, ba ta sauka ba ba ta hau ba, aiki ya yi. In Najaha ta yi nishi, ka sake ɗaukar sanda, ko da direba na ta danna oda.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba, yau zan faɗa. Shekara tara da suka wuce, ana jibi Babbar Sallah, na biyo ta wurinka a shafa wa ƙofata giris. Ka bi wayar dama da yatsa, ka nuna mini sili uku da suka rage.

Ka ce, "Inusa, wannan ba ta kai ka Ɗan Barto. Ba ni zuwa Azahar."

Na ce masu raguna na jirana, kai kuma ka cika tsoro tun da ƙarfe ya ci maka yatsu. Haka na ce maka. Na ƙara igiya na ɗaure na tafi. A Ɗan Barto, can bakin iyaka, Manu ƙanen matata da ke bi na a mota ya kwance igiyar don a ƙara lodi, wayar ta tsinke, ƙofar ta danne shi. Ƙugunsa ya karye. Har yau da ɗingishi yake tafiya.

Kafin in dawo daga asibiti ka iso a babur da sabuwar waya. Na tsaya ina jiran ka ce ai na faɗa maka. Ba ka ce ba. Ka miƙo mini sifana ka ce in riƙe noti. Da Manu ya tashi daga jinya ba ya iya hawa mota, kai ka lanƙwasa masa sandar dogarawa, ka koya masa walda daga zaune. Da ita yake ciyar da iyalinsa yanzu. Ni kuwa shekara tara ina neman bakin da zan ce ka yafe mini waccan magana, kullum sai in ce sai na dawo daga wannan tafiya.

Mun gaji tare, ni da kai. Ni bayana ya ƙage, idona ba ya son hasken rana. Kai kafaɗarka ta daina ɗaga sanda tun bara. Zuwana na ƙarshe kana kan tabarma a inuwar bango, ƙafafu sun kumbura. Ka sa ni na murɗa sifirin da kaina kana kallo, kana cewa kwata, ƙara kwata, tsaya nan. Da na gama ka rufe ido ka ce, "Kowane ƙarfe da iyakar murɗinsa, Inusa. Ni nawa ya kai." Na yi dariya na ce ka daina wannan zance. Na kama hanya.

Jiya na wuce garejin. Tirela uku na tsaye da ƙofofi ɗaure da igiya, ga Sallah ta matso, direbobin na zaune sun rasa mai gyara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Habsatu, wadda ta yi wata huɗu tana juya ka ba ta kai ƙara ga kowa ba, da 'ya'yanka Faruk, Zulaiha da Sakina, da 'yan'uwanka na Kurni, da duk direbobin da suka sauke kaya lafiya ba su san albarkacin wa suka ci ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

Ya Allah, bawanKa Mailafiya ya zo maKa a gajiye. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Yafiyar da na kasa nema yana raye, Ka isar masa da roƙonta. Mu da muka rage a hanya, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.