Bikilin Yaya a Injin Rake

Ni fa tun farko ban ƙaunaci dokin nan ba, gara in faɗi gaskiya. Yayana ya yi shekaru yana kula da dawakin wani Bature a Zariya. Da aka sami mulkin kai, Baturen zai koma gida, sai ya bar masa guda ɗaya, wani dogon bikili mai siraran ƙafafu. Uwarsa da ubansa duk daga ƙasar Turawa aka kawo su, har takardar asali gare shi. Ni da nake magana ban san sunan kakan kakana ba, amma na doki ga su nan a rubuce.

Yaya ya taho da shi Ikara, ya gina masa ɗaki wanda ya fi nasa. Ba a ɗaure shi a ƙafa kamar dawakinmu. Dawarsa sai an wanke, harawarsa sai an kakkaɓe, kanwa ma a aune ake ba shi. Kuma ba laifi, yana gudu. A hannun Baturen ya ci sukuwa a Zariya da Kaduna, a hannun Yaya ma ya ci sau biyu. Wani siririn mutumin Maƙarfi ne yake hawansa ranar sukuwa, don Yaya ya yi nauyi. Mutane har daga Kurmin Kogi suke zuwa kallonsa.

Nakan ce, "Yaya, wannan ɗan gatan naka me yake tsinanawa? Gudun minti biyu, hutun wata uku!"

Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka tsaya ga rakenka."

Rake kuwa shi ne sana'ata. Ina da fadama a wajen Kudan, ina dafa mazarƙwaila. Injin matse raken doki ne yake juya shi: a ɗaura masa doguwar sanda da igiya ta ƙirji, ya yi ta kewayawa tun safe har la'asar, ana cusa rake, ruwan yana tsiyaya. Nawa dokin wani tsohon akawal ne, bai taɓa jin ana yi masa tafi ba.

Wata shekara da kaka, Yaya ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya. Aka ɗauke shi zuwa wurin maɗori a Saulawa, aka ce sai ya yi kwana arba'in a kwance. Saura wata biyu sukuwar Zariya. Da ma ya ce wannan ce ta ƙarshe, bikilin ya fara manyanta, in ya yi ta zai hutar da shi. Na je gaishe shi, ya kamo hannuna.

"Ka tafi da shi gidanka. Kilisa safe da yamma, a miƙe. Kada ka juya shi a matsattsen wuri, ƙafafunsa ba irin na namu ba ne. Ka ji?"

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce jariri? Na ji."

Kwana shida da zuwansa, akawal ɗina ya kwanta da ciwon ciki, kafin azahar ya mutu. Ga rake an sare, jibge a bakin inji. Rake kuwa in an sare shi ba ya jiran kowa, tsami yake yi. Na shiga Hunkuyi gida gida neman aron doki, kowa nasa yana kan aiki. Na dawo raina a ɓace, na tarar da bikilin yana tauna harawata yana kaɗa jela, ko a jikinsa. Na ce, yau dai za ka ci guminka, ɗan masu takarda.

Ranar farko ya zabura, sandar ta buge shi a gindi, ya tsaya yana rawar jiki. Na tsula masa bulala sau ɗaya. Sau ɗaya ne, amma har yau ina jin ƙararta. A rana ta uku ya sunkuyar da kai ya kama kewayawa, kamar a nan aka haife shi. Har daɗi na ji, tir da ni, har ina nuna wa mutane.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana juya injin. Da rake ya ƙare na kwance shi, sai na ga igiya ta ci masa ƙirji, yana kuma ɗan ɗingishi. Na shafa ƙafarsa ta gaba, ta hagu, wadda take ciki in yana kewayawa, na ji ta da ɗumi. Na shiga jinya, man kaɗanya a ƙirji, laka mai sanyi daga fadama a ƙafa. Gyambon ya warke, amma gashin da ya fito a wurin fari ne fat, layi guda daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Na daka gawayi na kwaɓa da mai na shafe shi. Ɗingishin ya ɓace. Ɗumin ne bai tafi ba.

Na mayar da shi Ikara ranar da Yaya ya dawo gida yana dogara sanda. Bikilin ya yi haniniya, Yaya ya rungume wuyansa, har da ƙwalla. Al'adarsa ce kullum ya durƙusa ya shafa ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada, cinyar ta hana shi.

Ya ce da ni, "Zo ka ara mini hannunka. Taɓa ta hagun nan, na ga kamar yana ɗage ta. Akwai zafi?"

Na durƙusa na kama ƙafar. Ɗumin yana nan, kamar kwanon tuwon da aka rufe. Na san in na ce akwai, zai fasa sukuwar, zai kuma tambaye ni dalili. Kunya ta kama ni.

Na ce, "Sanyi ƙalau, Yaya."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka."

Ranar sukuwa mun je Zariya tare. Da aka saki dawakin, bikilin ya fita gaba, fili ya ɗauki ihu. Yaya yana buga sandarsa a ƙasa yana cewa, "Ka gan shi? Ka gan shi?" Ni kuwa ƙafar kawai nake kallo. A kwana ta ƙarshe ya yi tuntuɓe, mahayin ya wuntsila gefe, Allah ya kiyaye bai ji ciwo ba. Sauran dawakin suka wuce shi. Ya tsaya cak a kan ƙafa uku.

Kafin Yaya ya ɗingisa ya isa, gumi ya wanke gawayin da nake ta sabuntawa a ɓoye. Ga farin layin nan a ƙirji, kowa na gani. Duk wanda ya tashi a ƙasar rake ya san abin da yake yin wannan tabo. Yaya ya bi shi da yatsa daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni, da ya fi mini.

Ya ce, "Kwana nawa?"

Na ce, "Sha ɗaya."

"Ya ja?"

"Ya ja, Yaya."

"Ai ba ya ƙin aiki." Ya shafa wuyan dokin. Can ya ce, "Injin ban riƙe ka da shi ba, rake ne ya matsa maka. Amma ranar nan hannunka na ara."

Bikilin bai mutu ba. Ya yi shekara biyar yana ɗingishi a bayan gidan Yaya, bai sake ganin filin sukuwa ba. Duk kaka nakan kai masa harawa da kaina, Yaya ya karɓa ya yi godiya. Zumuncinmu bai yanke ba. Shi ya yanka wa 'ya'yana ragon suna, bai kuma taɓa tayar da maganar ba ko a gaban matarsa.

A ciwonsa na ajali na je na zauna a bakin gadonsa. Ya ce yana jin kamar zazzaɓin ya dawo. Na ɗora tafina a goshinsa, na buɗe baki zan faɗa masa. Sai ya kama hannun nawa a hankali ya sauke shi kan bargo, ya ɗan bubbuga shi, sannan ya kira 'yarsa daga tsakar gida ta zo ta taɓa.