Ranar da Aka Shaida Ni Ba Maƙeri Ba Ne

Takalma nake sayarwa a unguwar Adjamé, kusa da hada-hadar Roxy, kuma tun da na baro Kano ban san wata sana'a ba. Ƙirar wuƙa da girmana na tsince ta. Wuƙar girkin uwargida ce mariƙinta ya fita, aka kwatanta mini wani dattijo maƙeri, mutumin Damagaram, mai 'yar rumfa a bayan wani gareji a Treichville. Na zauna jira ina kallonsa yana dukan guntun ƙarfen ƙafar gbaka, motar hayar nan tamu, har ya fitar da wuƙa daga cikinsa. Lahadin da ta biyo baya na koma ba tare da na kai komai gyara ba.

Gajiya ce ta riƙa kai ni, in za a faɗi gaskiya. A kanti tun safe baki ke aiki: wannan ya taya, wancan ya rantse, wata ta ɗaga takalmi ta ce ta ga irinsa da araha a gaba. A maƙera kuwa ba mai yi maka ciniki. Dattijon ya fara ba ni zuga-zugi, daga baya awartaki, sai da aka daɗe ya bar ni na riƙe masaba. A gida, a Bromakoté, na ware wani lungu a baranda. Nakan sayo wuƙaƙen kasuwa in cire musu mariƙin roba in sa na ƙaho, in rage musu tsini da magagari, in ɗinka musu kube. Ban taɓa sayar da ko ɗaya ba, maƙwabta nake rabawa. Su kuma Julawan gidanmu suka laƙaba mini numu, wato maƙeri da harshensu. In sun kira, sai in amsa da dariya, har da ɗaga hannu. Shekaru aka yi a haka.

Sai babbar 'yata ta samu manemi. Saurayi ne Bajule mai hankali, suna son juna, ni ma na yaba da shi. Danginsa suka kawo goro, muka karɓa. Daga nan muka ji shiru.

Ashe sun turo masu binciken asali unguwarmu. Da suka tambayi gidan, aka ce musu, "Au, gidan numu? Ga shi can." A wurinsu kuwa maƙera jinsi ne daban, a tsakaninsu suke aure, wanda ba nasu ba ba ya neman 'yarsu. Yarinyar ce ta zo ta same ni a baranda, ina tsaka da goga wani ƙaho, idonta ya kumbura.

"Baba, sun ce kai forgeron ne, wai maƙeri," ta ce. "Tantie ɗinsa, gwaggon nan tasa, ta ce c'est fini, a manta da maganar."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi ta faɗa, na ce in ma maƙerin ne sai me, da me suke yanka naman da suke ci? Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, "Ni dai shi nake so, Baba." Sai na ajiye magagarin.

Abin da ya biyo baya ba na ko son tuna shi. Na kwashi dattawanmu na Kano muka je wurin kawun yaron, wanda shi ne mai magana a danginsu. Suka lissafa masa ubana da kakana, fatake ne gaba da baya. Ya saurara da ladabi, ya ba mu shayi, amma idonsa na kan hannuwana, duk tabon ƙuna. Na sake komawa da limamin masallacinmu. Na koma ni kaɗai. Kullum in rufe kanti da rana tsaka, in kutsa cikin cunkoson Roxy, in dawo da "sai mun yi shawara". Mutum da furfurarsa yana yawo gida-gida yana rantsuwa kan kakan da ya daɗe da zama ƙasa. Na gaji har ba na iya yin fushi.

A ƙarshe kawun ya ce, "Alhaji, mutanenka dole su rufa maka asiri. Maƙera su suka san nasu. In maƙeri ya ce ba ka cikinsu, magana ta ƙare."

Wannan ya fi duk sauran yi mini nauyi. Ta yaya zan dubi mutumin da ya koya mini riƙon masaba in ce ya zo ya wanke ni daga zama irinsa? Na je Treichville ranar Lahadi, na zauna a kan benci ina neman ta inda zan fara. Ashe labari ya riga ni ƙetare gadar da ake bi zuwa can. Ya tsoma ƙarfen da ke hannunsa a ruwa, ya jira ƙarar ta lafa.

"Yaushe za mu je?" ya ce. "Ka taho da wuƙar nan mai mariƙin ƙaho da ka gama bayan azumi."

Ita ce wuƙar da na fi ji da ita a duk abin da na ƙera.

Muka je. Ya sa babbar riga, ban taɓa ganinsa da ita ba. Tsakar gidan kawun cike da maza, mata kuma na leƙe daga ƙofar ɗaki. Bayan gaisuwa dattijon ya zare wuƙar daga kube ya ɗaga ta sama, yana magana da Julanci yana juya mini da Hausa, wai don kada in rasa komai.

"Ku dubi bayanta, a karkace. Ku dubi nan, inda ya yi ta duka kamar mai sussukar gero. Ɗan gidanmu, tun kafin a yi masa kaciya ya wuce irin wannan aiki. Wannan bawan Allah attajiri ne da ya rasa abin yi ranar Lahadi. Gawayina kawai yake ƙonawa. In maƙeri ne shi, to ni ma direban jirgin sama ne."

Gidan ya kwashe da dariya, har matan. Kawun ya share hawaye, ya miƙo mini hannu ya ce in yi haƙuri, a sa rana. Ni ma na yi dariyar, dole. Na ji daɗi don 'yata, wallahi na ji. Amma kunya ta lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa, kuma ban san wa nake jin kunyar ba, su ko shi.

Na rako shi bakin titi neman woro-woro, tasin da zai mai da shi Treichville. Na yi masa godiya, ya ce ba komai. Sai na kasa daurewa.

"Baba, abin da ka faɗa a kan wuƙar nan, haka yake?"

"Bayanta a karkace yake," ya ce. "Wannan kam gaskiya ne."

Mota ta tsaya, ya tattare rigarsa.

"Alhaji, kada ka sake zuwa rumfata. Yau 'yarka ce, gobe jikokinka za a bincika, ni kuma ba na nan balle in sake yin wannan tsayuwar."

Na miƙa hannu in karɓi wuƙar, sai ya tura ta cikin aljihun rigarsa.

"Wannan ta zama tawa. Da ita zan yanka ragon layyata in Tabaski ta zo."

An ɗaura aure, yarinya tana ɗakinta lafiya. Na kwashe kayan baranda na zuba a buhu. Yanzu ranar Lahadi ma buɗe kanti nake yi, don ban san inda zan sa hannuwana ba.