Cingam a Ƙarƙashin Sikelin Zulkarnaini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Satumba 2006, ina cikin taksina a Lozells aka bugo min waya daga Manchester, wai Alhaji Zulkarnaini na Cheetham Hill ya cika a asibiti. Ni Falalu, da ko a gidan makoki sai na sa wani ya yi dariya, ranar nan bakina ya mutu. Ku yi haƙuri da rubutuna, na fi iya surutu.

Yaya Zulkarnaini, kai ɗan Kumasi, ni ɗan Kano, harbin faranti, irin wanda ake cillawa sama a harbo da bindiga, shi ya haɗa mu a kulob ɗin nan na bayan gari. Ranar farko na ce maka duk Birmingham babu mai saitina. Na harba goma na samu biyu. Ka ce, "Falalu, to ai farantan ma sun ji tsoronka, shi ya sa suka gudu."

Kai ba ka sayen harsashi, da hannunka kake cikawa a shed ɗinka, ɗan ɗakin katakon nan na bayan gida, da lasisinka da komai. Ni na raka ka sayen kayan a 2003. Na nace ka ɗauki sikelin awon albarushi mai batir, ka ce batir yana mutuwa bai yi sallama ba. Ka zaɓi mai allura, ka hura masa iska kaɗan, ka tsaya har ya natsu. Awa biyu muna shagon, har baturen ya kawo mana shayi. Kwanso kuwa ɗaya-ɗaya kake ɗagawa a haske kamar mai zaɓen ƙwai. Albarushi kowanne a gwangwaninsa. Komai ka taɓa sai ka liƙa masa takarda, suna da kwanan wata. Lokacin da aka kore ni daga gidan haya, wata biyu na yi a falonka, kuma ko kofina sai da ka rubuta masa "Falalu".

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. A watan Yuli na zo, ka shiga gida alwala, shaiɗan ya sa na manna cingam ƙarƙashin farantin sikelinka. Wasa ne wallahi. So nake in ga mai awo ya rikice, in yi dariya, in cire. Sai matarka Hajiya Sadiatu ta kira mu tuwo, hira ta yi daɗi, na kama hanyar M6 zuwa gida na manta. Mai harbi ya san abin da awon da bai cika ba yake yi wa bindiga da fuskar mai riƙe ta.

Ban tuna ba sai bayan kwana bakwai da rasuwarka, da Hajiya ta ce ta raba wa abokanka na kulob kwali tara na harsashinka don tunawa. Na ce, "Hajiya, ba ni makullin shed." Ta ce, "Tun biyar ga wata da aka kwantar da shi yana jakata, ba wanda ya shiga."

Da rana tsaka na buɗe. Babu taga, babu iska. Allurar sikelin tana lilo a hankali, sama, ƙasa, kamar yanzu wani ya ɗauke hannu. Gefensa ga cingam ɗina, ya bushe, an ɗora shi tsaf a kan farar takarda. Rubutunka ne, na san yadda kake jan wutsiyar F. "Falalu. 14/9/06."

Yaya, ranar 13 muka binne ka. Ni na karɓi kafaɗarka a cikin rami.

Ni Musulmi ne, na san mamaci ba ya dawowa. Liman ya ce watakila ciwo ne ya sa ka kuskure wata. Na ce to. Amma shekara uku ina kallonka, ban taɓa ganin ka kuskure rana ba. Kuma ko Liman ne da gaskiya, ban san kwali nawa ka cika kafin ka cire cingam ɗin ba.

Na bi mutane gida-gida, Salford, Lozells, har Bolton, ina faɗin abin da na yi da bakina. Wani ya zage ni, ya kyauta. Kwali takwas sun dawo, na miƙa wa 'yan sanda tare da bindigoginka. Saura ɗaya. Hajiya ta ce wanda ya karɓa wani dogo ne mai ruwan tokar hula, ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa, bai zauna ba, bai faɗi suna ba. A kulob babu wanda ya san shi.

Bawan Allah, in wannan takarda ta iso ka, don girman Allah kada ka sa ko ɗaya a bindiga. Ka kai masallacin Cheetham Hill ka ce na Falalu ne.

Hajiya Sadiatu, Kulsum, Muhsin, iyalan Alhaji, Allah Ya ba ku haƙuri, ku yafe min. Yaya Zulkarnaini, Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya nauyaya ma'auninka ranar awo. Ni kuma Allah kada Ya sa wasana ya ci jinin kowa. Amin.