Ƙaton Ƙarfen da Ya Durƙusa

Duk tsawon zamana na karatu a Alƙahira, akwai wata la'asar da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A unguwar Hay el-Sabi' nake zaune, ɗaki ɗaya da wani ɗalibi ɗan Damagaram. Mahaifiyarsa ta rasu a gida, aka binne ta bai samu zuwa ba. Tun daga nan ya daina magana, ya daina zuwa darasi, abinci ma sai an matsa masa. Kuma ko ɗigon hawaye bai zubar ba. Mun yi ta yi masa nasiha, sai dai ya ce "tamam", wato "to" da Larabci, ya juya wa bango fuska. Har ya fara haɗa kayansa zai bar karatun.

Abu ɗaya ya riƙe: wani katun na Japan da yake kallo a kwamfutarsa, na wasu ƙattin mutum-mutumin ƙarfe masu yaƙi a tsakanin taurari.

Ranar nan ya ce, "Ɗan'uwa, zo ka zauna."

Na zauna. Wani ƙato mai tsawon hasumiya ya gama yaƙi, yana tsaye a kan farar ƙasa shi kaɗai. Matuƙinsa da ke cikinsa yana ta jan linzami, ƙaton ya ƙi motsi. Sai ya durƙusa a hankali, ya buɗe tafin hannunsa, wasu ƙananan fitilu suka riƙa tashi daga filin suna hawa sama, rayukan waɗanda suka mutu a yaƙin ne, na abokai da na abokan gaba duka. Babu kiɗa, babu magana.

"Ka gani?" in ji shi. "Duk ƙarfinsa, bai riƙe ko ɗaya ba. Sakinsu ya yi."

Muryarsa ta karye, kuka ya ƙwace masa kamar ƙaramin yaro. Ban ce masa ma'alish ba, wato ya yi haƙuri, kafaɗarsa kawai na riƙe.

Daga baya muka hau saman bene. Rana ta yi ja, tattabaru suna shawagi, dogayen injinan gini suna tsaye cikin hazo kamar su ma sun sunkuyar da kai. Kiran sallar magariba ya taso ta ko'ina.

Ya share fuska ya ce, "Yalla, tashi mu je mu yi wa Inna addu'a."

Washegari tare muka tafi darasi.

Tun ranar na gane cewa Allah kan aiko da sassauci ta ƙofar da ba a zata ba, kuma mai baƙin ciki ya fi bukatar wanda zai zauna kusa da shi fiye da mai yi masa dogon bayani.