Sallama a Ƙofar Kufai

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Na san 'yan majalisar bayan Juma'a kun ji ƙishin-ƙishin, kowa ya barbaɗa nasa gishirin, to ga shi daga bakin mai shi. Sai dai wauta ba ta hana mutum fushi, kuma har yanzu da nake rubutun nan raina bai huce ba.

Asalin abin, ɗana na fari yana neman wata yarinya 'yar Damagaram da ta gama karatun jinya a nan Greensboro ta Amurka. Mahaifinta ya zo bikin kammala karatun, ya sauka gidan ƙaninsa a Pleasant Garden, nan kusa da mu, muka je gaisuwa da maganar aure. Dogon dattijo ne mai tsadar magana, irin wanda in ya ce "bon", wato "to" ɗinsu na Faransanci, ya yi shiru, ba ka sanin yabo ne ko zagi. Bai ƙi yaron ba, ƙasar ya ƙi. Ya ce ya zaga ya gani, mutanen nan ba su san gidan uba ba, yau a saya gobe a sayar. Shi ba zai bari jikokinsa su tashi inda ba a san asali ba, gara ya koma da 'yarsa in jirginsa ya tashi ƙarshen wata.

Ni kuwa Bakano ne, Badamagare ba zai yi mini gori in haɗiye ba. Sai na tuna wani Bature da na taɓa ɗauka a tasi, ya ba ni labarin wani ɗan ƙauye a duwatsun da ke iyakarmu da jihar Tennessee, tsakiyar gandun dajin gwamnati, inda kakanninsa suka gina gidajen hutu tun zamanin jirgin ƙasa mai gawayi, kuma gidajen suna nan. Ban tambaye shi ko da mutane a ciki ba. Wa zai yi wannan tambayar? A wurinmu in an ce gida yana nan, ai da hayaƙi a madafa. Na ce, "Alhaji, ba ni yini ɗaya, in kai ka inda suke riƙe da gidajen kakanninsu fiye da yadda kuke riƙe naku a Birnin Damagaram." Ya ce bon.

Da muka dawo gida yaron ya yi ta danne-danne a kwamfuta, sannan ya same ni a falo. "Baba, wurin nan fa babu kowa a ciki." Na ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau kwamfuta ba zai gan shi ba, aikinsa tuƙi, ya je ya duba mai da taya.

Mun tashi da asuba, mu uku. Na sa babbar rigata ta shadda, na ɗauki ƙunshin goro da kwalbar turare da na saya a shagon 'yan Afirka na High Point Road, domin ba a shiga garin mutane a gaida mai gari hannu rabbana. Uwargida ta cika mana kula da shinkafa da kaza da fulas na shayi. A gidan mai na ga farashi ya sake hawa, na zagi masu yaƙi na gabas da na yamma, na haɗa da yaron da bai sha mai tun jiya ba.

Hanyar I-40 dai kun san ta, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarmar masallaci. Mun wuce Winston-Salem gari bai gama wayewa ba, mun wuce Hickory da shagunan kujerunsu. Daga nan hanya ta fara hawa, kunnuwa suka toshe, manyan motoci suna nishi a gefe kamar shanun huɗa. Bayan Asheville kuwa sai lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu, kogi can ƙasa yana kumfa. Ni ban taɓa tuƙi a dutse ba, amma wannan bai hana ni koya wa yaron ba. In ya yi gudu in ce kashe mu zai yi, in ya sassauta in ce jaki ya fi shi. Da ya tsaya mu yi alwala na ce wurin bai yi ba, da ya wuce na gaba na ce ai nan ya kamata ya tsaya. Abin da yake cewa kawai, "To, Baba." Baƙona yana baya yana jan carbi, yana kallon itatuwa.

A bakin gandun akwai wani gari da ban ga abin da suke nomawa ba sai alewa da rigunan yawon buɗe ido. Cunkoso kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah. Kowane gidan abinci ka leƙa, naman alade ne ke maka maraba, kofin shayi kuwa kuɗinsa ya isa cefanen yini. Muka ci shinkafarmu a kan wani benci, na nuna wa baƙona duwatsun da hazo ke tashi a kansu kamar an hura wuta a ƙarƙashi, na ce ya shirya, yau zai ga asali.

Muka shiga daji. Gaskiya wurin yana da kyau, ba zan ci amanar ido ba. Itatuwa sun haɗe sama, sanyi mai daɗi tsakiyar bazara, ruwan kogi garau kana ganin tsakuwa. Muka ajiye mota, na gyara hula, na rungumi goro, na shige gaba.

Ga gidaje nan kuwa, jere hagu da dama, na katako, kowanne da baranda da murhun dutse. Na tsaya a na farko na yi sallama. Shiru. Na ƙara da Turanci. Shiru. Sai a lokacin na lura rufin ya lotsa, gansakuka ta cinye matakala, tagogi ba gilashi. Na ce wannan magada ne suka yi rigima, mu je gaba. Na biyu itace ya tsiro ta tsakiyar barandarsa ya fasa rufi. Na uku ƙofarsa a kwance, an kafa allo an hana shiga. Ina tsaye ina ta rafka sallama, wasu Turawa masu gajeren wando suka zagaye ni da kyamara, sun ɗauka ina cikin kayan tarihin. Baƙona ya tsaya a bayana ya ce a hankali, "Bakano, mai garin naka ya fita kiwo ne?"

Kufai na kawo mutum. Na ɗauko dattijo tun asuba, na ratsa duwatsu da shi, don in nuna masa ainihin abin da yake tsoro. Kunya ta juye ta zama fushi, fushin kuma ya sauka inda ya saba. Na juya kan yaron na ce shi da ya sani me ya sa bai dage ba, wane irin ɗa ne zai ga ubansa zai faɗa rijiya ya faɗa masa sau ɗaya ya yi shiru. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri.

Can ƙarshen layin muka tarar da wata tsohuwa a kan kujerar naɗewa, ta fuskanci wani ɗan koren gida da ya karkace. Ita kaɗai ce ta amsa gaisuwarmu. Yaron ya yi mana tafinta. Ta ce ubanta ne ya gina shi, a barandar nan ta koyi tafiya, a kogin can ta koyi iyo. Da farko manoma ne a wurin, sai masu yankan katako, sai masu hali daga birni suka gina gidajen hutu. Da aka mai da dajin na gwamnati aka bar su su zauna zuwa wani wa'adi. Wa'adin ya cika, aka ce kowa ya kwashe nasa. Yanzu ana ta jayayya, wasu na cewa a rushe daji ya koma daji, wasu na cewa a gyara, gidajen kuwa ba sa jiran a gama magana. Ita dai duk shekara takan zo ta zauna ta kalle shi. Ba ta da izinin buga ƙusa ɗaya.

Baƙona ya ce a tambaye ta ko yaƙi aka yi. Ta ce a'a. Sai ya ce, ba da ita ba, ba da mu ba, "Ashe gidan uba yana da wa'adi." Na ji maganar auren ta faɗa kogi.

Goron da aka ɗauko don gaisuwa ba a komawa da shi gida. Na ba tsohuwar turaren da goro ɗaya, ta gatsa, ta yamutse fuska, ta cije ta haɗiye don kara, Allah ya saka mata. Sauran na ajiye a kan matakalar gidan ubanta. Kafin in miƙe sai ga wata ma'aikaciyar gandun da faffaɗar hula, cikin ladabi ta ce in ɗauke, ba a barin abinci a nan, akwai wata baƙar dabba da suke kira beya, in ta saba da abincin mutane takan zama haɗari, ƙarshenta a kashe ta. Jama'a, nan na manta shekaruna. Na ce wato dabba tana da mai kare mata haƙƙi, matar da ta tashi a gidan nan kuwa sai kallo daga waje. Itace yana da gata, tsohuwa ba ta da shi. Na yi da Hausa, na yi da Turancina na aji huɗu, na koma Hausa. Yaron yana fassara wa ma'aikaciyar, amma na lura duk doguwar maganar da na yi, shi kalma uku yake faɗa, ita kuma tana murmushi tana gyaɗa kai. Daga baya na gane "mun gode, za mu ɗauke" yake ta maimaitawa. Shi ya tsince goron, ya ɗaukar wa tsohuwar kujerarta har mota, ni kuma na zage shi a kan ya sayar da ubansa a gaban hukuma.

Dawowa ba wanda ya ci sauran kazar. Na yi faɗa daga duwatsu har Hickory, da gwamnati, da Baturen tasi, da yaron da ya bi ta wata hanyar don ya kauce wa cunkoso. Baƙona bai ce ko bon ba. Ina satar kallon fuskar ɗana, na san lissafin da yake yi, ƙarshen wata ya kusa.

Mun isa Pleasant Garden bayan magariba. A ƙofar gida na ga in ban gyara ba shi ke nan, sai na gyara murya na fara jero darussan tafiya kamar mai wa'azi. Na ɗaya, kada ka yarda da labarin fasinja. Na biyu, a ƙasar nan a tambayi ko gida da mutane kafin a sayi goro. Na uku, yaran yanzu ba su iya hana manya kuskure ba, don haka in Alhaji ya ga ɗana bai cancanta ba, ni ba zan ga laifinsa ba, ni ma ban gama gyara shi ba.

Baƙona ya riga ya sa ƙafa ɗaya waje daga motar. Ya juyo ya dube ni.

"Bakano, ƙasar nan dai ba ta yi mini ba, kuma yau ka ƙara mini hujja. Amma na ba shi ita. Yaron da ya ɗauko ka tun asuba bai sauke ka a dajin can ya bar wa beya ba, ba macen da ba zai iya zama da ita ba."